Tsibiran Chagos: Na wa ne, kuma ina mutanensu suka tafi?

Tun ranar 22 ga Mayun 2025, da Firaiministan Birtaniya Keir Starmer ya sa hannu kan yarjejeniyar miƙa tsibiran Chagos ga ƙasar Mauritius, sunan Diego Garcia, tsibiri mafi girma a cikinsu inda Amurka ke da sansanin soja, bai daina fitowa a labarai ba. 'Yan adawa a Landan na cewa gwamnati ta yi kyauta da ƙasa, ta kuma ɗora da kuɗi a kai. A nahiyarmu wasu na murna cewa an rufe wani babi na mulkin mallaka. Da yawa cikin masu sauraron labarai kuma sun ɗauka tsibirin mallakin Amurka ne, tunda duk lokacin da aka ambace shi, jiragen yaƙinta ake nunawa. To na wa ne? Me ke cikin wannan ɗan zirin ƙasa na tsakiyar teku har manyan ƙasashe ke ja a kansa? Sai kuma tambayar da aka fi tsallakewa, wadda ni ita ta fi damuna: su wa ke zaune a wurin kafin sojoji su zo?

Wane irin tsibiri ne wannan?

Chagos tarin tsibirai ne kusan 60 a tsakiyar Tekun Indiya, kimanin kilomita 500 kudu da Maldives, da fiye da kilomita 2,000 daga Mauritius. In aka haɗa faɗin ƙasarsu gaba ɗaya bai wuce murabba'in kilomita 60 ba, kuma kusan rabin wannan Diego Garcia ne shi kaɗai.

Irinsu ake kira atol, kalmar da Turawa suka aro daga harshen mutanen Maldives. Mu ce zoben murjani. Wanda bai taɓa gani ba, ya ɗauki ƙwarya ya nutsa ta a cikin baho har sai bakinta kaɗai ya rage yana leƙowa. Wannan bakin shi ne ƙasar da mutane ke takawa. Ruwan da ke cikin ƙwaryar shi ne tafkin tsakiya, mai kwanciya lumui. Na waje kuma teku ne mai zurfi da igiyar ruwa.

Murjanin da muka sani shi ne jan dutsen ado da mata ke sawa a wuya. Wanda ke gina tsibiri ɗan'uwansa ne. Wasu mitsi-mitsin halittun ruwa ne masu rai, kowace tana gina wa kanta ɗan gida na farar ƙasa mai tauri, idan ta mutu 'ya'yanta su yi gini a kan nata. Ba sa rayuwa sai a ruwa mai ɗumi, inda hasken rana ke kaiwa. A 1842 Charles Darwin ya yi bayanin yadda zoben ke samuwa: dutse mai aman wuta ya taso daga ƙarƙashin teku, murjani ya kewaye gefensa, sai dutsen ya riƙa nutsewa a hankali cikin miliyoyin shekaru, murjanin kuma yana ta ƙara gini sama don kada hasken rana ya kuɓuce masa. A ƙarshe dutsen ya ɓace, zoben ya rage. An daɗe ana gardama kan wannan bayani, sai a 1952 da aka haƙa rami a zoben Enewetak na Tekun Fasifik, aka ratsa murjani na fiye da mita 1,200 kafin a tarar da dutsen a ƙasa.

Diego Garcia ya yi kama da sawun ƙafa idan an hango shi daga sama. Tafkinsa ya kai kilomita 20 a tsawo, yana da zurfin da manyan jiragen ruwa za su shiga su tsaya, ƙofarsa na arewa. Ƙasar kuwa siririya ce, wani wurin mutum na tsaye yana ganin ruwa dama da hagu, kuma yawancinta ba ta fi mita 2 a saman teku ba. Babu kogi ko ɗaya. Ruwan sha daga sama yake zuwa, fiye da milimita 2,500 a shekara. Yakan tsuma cikin yashi ya taru a ƙarƙashin ƙasa yana yawo a kan ruwan gishiri, saboda ya fi shi rashin nauyi, shi ya sa rijiya mai gajeren zurfi ke ba da ruwan daɗi. Da wannan ruwa, da kwakwa, da kifin tafki mutane suka rayu. Wannan tafki kuma shi ne ya ja hankalin sojojin ruwan Amurka.

Mutanen da aka ce babu su

Matuƙan jiragen Fotugal sun san tsibiran tun ƙarni na 16, amma ba wanda ya zauna sai a ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da Faransawan da ke riƙe da Mauritius suka buɗe gonakin kwakwa. Waɗanda suka yi aikin bayi ne da aka kwaso daga Mozambik da Madagaska. Birtaniya ta ƙwace Mauritius a 1810, yarjejeniyar Paris ta 1814 ta tabbatar mata da ita tare da tsibiran da ke ƙarƙashinta, har da Chagos. Bayan an soke bauta a 1835 aka ƙaro leburori daga Indiya, aka yi auratayya, al'umma ta kafu.

Suna da harshensu, wani reshe na Kiriyol mai tushen Faransanci, da kiɗansu na sega, da coci, da maƙabarta. Maza na tsinko kwakwa su fere, mata na fasawa su shanya tsokar a matse mai. Ana biyansu ɗan albashi da awon shinkafa, kowane gida na da kaji da ɗan lambu, kifi kuwa sai dai mutum ya gaji da kamawa. Kada a ɗauka aljanna ce: kamfani ne ke da ƙasa, shi ke da kanti, shi ke da jirgi. Amma gida ne. Akwai iyalan da kakanninsu da kakannin kakanninsu ke kwance a maƙabartun Diego Garcia da na tsibiran Peros Banhos da Salomon, su ma a cikin Chagos.

Cinikin 1965

A farkon shekarun 1960, ana tsakiyar Yaƙin Cacar Baka, Amurka na neman wurin kafa sansani a Tekun Indiya, da sharaɗin wurin ya zama babu jama'ar da wata rana za su tashi su ce a fita. An duba tsibirin Aldabra, masana kimiyya suka yi ca saboda manyan kunkurun da ke can. Diego Garcia aka tsayar.

Matsalar ita ce Mauritius na dab da samun 'yanci, kuma a Disambar 1960, watanni kaɗan bayan Najeriya ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya, majalisar ta zartar da ƙuduri mai lamba 1514 da ya hana a yanki wani ɓangare na ƙasar da ake mulka kafin a ba ta 'yanci. Duk da haka, a Satumbar 1965, ana taron tsarin mulki a Landan, Firaiminista Harold Wilson ya gana da jagoran Mauritius Seewoosagur Ramgoolam. Takardun da aka fitar daga baya sun nuna an fahimtar da shi cewa zai iya komawa gida da 'yanci ko babu. Ya amince, aka ba Mauritius fam miliyan 3, da alkawarin za a mayar da tsibiran ranar da aka daina buƙatarsu don tsaro. Ranar 8 ga Nuwamban 1965 aka ƙirƙiro sabon yankin mallaka, Yankin Birtaniya na Tekun Indiya. A ƙarshen 1966 aka ba Amurka damar amfani da shi na shekara 50, da ƙarin 20 idan ba wanda ya janye. Ladan da Birtaniya ta samu a ɓoye shi ne rangwamen dala miliyan 14 a kuɗin makamai masu linzami na Polaris. Mauritius ta samu 'yanci ranar 12 ga Maris 1968, babu Chagos.

Saura mutanen. Idan aka yarda cewa 'yan ƙasa ne, dole a riƙa ba Majalisar Ɗinkin Duniya rahoto a kansu. Sai jami'ai suka shirya su riƙa cewa leburorin kwantiragi ne daga Mauritius da Seychelles, waɗanda aiki ya kawo. A wata takardar cikin gida ta 1966 wani jami'i ya rubuta cewa babu 'yan asalin wurin sai tsuntsayen teku, wani babban jami'i, Denis Greenhill, ya ƙara da kwatanta su da mutanen daji na tatsuniyoyin Turawa. Sun san akwai mutane. Rubutunsu ne ya tona su.

Yadda aka kwashe su

Ba a rana ɗaya aka yi ba. A 1967 gwamnati ta saye gonakin, aka fara rage kayan abinci da magani da jirgi ke kawowa, malamai da ma'aikatan jinya suka tafi. Wanda ya je Mauritius jinya ko ziyara sai a hana shi tikitin dawowa. Haka ta faru da Rita Bancoult a 1968. Ita da mijinta sun kai ƙaramar 'yarsu asibiti bayan amalanke ya taka mata ƙafa, yarinyar ta rasu, da uwar ta je ofishin jirgi neman komawa Peros Banhos aka ce mata an sayar da tsibirinsu. Duk abin da suka mallaka yana can. Ɗanta Olivier yana da shekara 4 a lokacin.

A 1971 sojojin gini na Amurka suka sauka a Diego Garcia. Kafin a kwashe ragowar jama'a, aka tattara karnukansu a rumfar da ake busar da kwakwa, aka kashe su da hayaƙin motoci, yara na kallo. Aka loda mutane a jirgin ruwa mai suna Nordvaer, kowa da akwati ɗaya da tabarma. Dawakan gona aka ba wuri mai kyau, mata da yara suka kwana a kan buhunan takin kashin tsuntsaye. Jirgin ƙarshe ya bar Peros Banhos a 1973. Jimilla tsakanin mutum 1,500 zuwa 2,000 aka raba da gidajensu, aka zube su a tashoshin jiragen ruwa na Mauritius da Seychelles.

Mutumin da sana'arsa kwakwa da kamun kifi, me zai yi a unguwar marasa galihu ta Port Louis? Yunwa, bashi, shaye-shaye, mutuwar ƙananan yara. Suna da kalma ɗaya da suke kiran ciwon da ya kashe da yawansu, sagren, wato baƙin cikin rabuwa da gida. Diyyar fam 650,000 da Birtaniya ta bayar a 1972 ba ta isa hannunsu ba sai wajen 1978, bayan tsadar rayuwa ta cinye ta. Mata irin su Lisette Talate da Charlesia Alexis suka yi zanga-zanga da yajin cin abinci, aka ƙara fam miliyan 4 a 1982. Da yawa sun dangwala yatsa a takardun Turanci da ba za su iya karantawa ba, waɗanda ke cewa sun yafe haƙƙin komawa.

Me Amurka ke yi a can?

Titin jirgin sama mai tsawon fiye da kilomita 3 da rabi, tashar da jiragen ruwan yaƙi da na ƙarƙashin teku ke tsayawa, jiragen dakon makamai da ke jira a cikin tafki, da na'urorin sadarwa da bin sawun tauraron ɗan'adam. Daga nan jiragen jefa bama-bamai samfurin B-52 suka tashi a yaƙin Tekun Fasha na 1991, da na Afganistan a 2001, da na Iraƙi a 2003. A 2025 hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna jiragen B-2 guda 6 a ajiye a wurin, lokacin da ake kai wa 'yan Houthi na Yaman hari ana kuma takun-saƙa da Iran. A 2008 ministan harkokin wajen Birtaniya David Miliband ya amsa a majalisa cewa jirage biyu ɗauke da fursunonin da Amurka ta kama a asirce sun sha mai a tsibirin a 2002, bayan shekaru ana musantawa. Ma'aikatan farar hula da ke girki da shara a sansanin yawanci daga Filifin ake ɗauko su.

Shawara ce ko hukunci?

Nan ne aka fi ruɗewa. Shari'o'i iri biyu ne suka tafi kafaɗa da kafaɗa, kuma ba abu ɗaya suke nema ba.

Na farko na 'yan Chagos ne da kansu, a kotunan Ingila, suna neman haƙƙin komawa. Olivier Bancoult, yaron nan mai shekara 4, shi ya jagorance su. A 2000 babbar kotu ta ce korar ta saɓa doka. A 2004 gwamnati ta bi ta bayan gida, ta fitar da umarni da sunan Sarauniya ba tare da muhawara a majalisa ba, ta sake haramta komawa. A 2008 alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, wato kotun ƙoli ta ƙasar a lokacin, suka goyi bayan gwamnati da ƙuri'a 3 da 2. A 2010 aka ayyana tekun Chagos, murabba'in kilomita 640,000, a matsayin yankin da aka hana kamun kifi. Gaskiya ne murjanin wurin na cikin mafi lafiya a duniya kuma ya cancanci kariya. Amma wata wasiƙar diflomasiyyar Amurka da shafin tona asiri na WikiLeaks ya fallasa ta ruwaito wani jami'in Birtaniya yana cewa matakin zai kawo ƙarshen maganar komawar tsofaffin mazauna.

Na biyu na gwamnatin Mauritius ne, tana neman ikon mallakar ƙasa. A 2017 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya nemi ra'ayin Kotun Duniya da ke Hague. Tarayyar Afirka ta tsaya wa Mauritius, Najeriya na cikin ƙasashen da suka yi magana a zaman Satumbar 2018, inda aka nuna bidiyon Liseby Elysé tana ba da labarin yadda aka sa ta a jirgi da ciki wata huɗu, cikin ya zube. Ranar 25 ga Fabrairun 2019 shugaban kotun, Abdulqawi Yusuf ɗan Somaliya, ya karanta matsayarta: alƙalai 13 da 1 sun ce raba Chagos da Mauritius bai halatta ba, Birtaniya ta fita da gaggawa. A watan Mayu, a babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙasashe 116 suka goyi bayan haka, 6 suka ƙi.

Mai tuna shari'ar Bakassi ta 2002 zai gane bambancin. Can ƙasashe biyu ne a gaban kotu, hukuncin kuma wajibi ne a kansu. Na Chagos ra'ayin shawara ne, ba ya tilasta wa kowa, kuma da wannan Birtaniya ta fake. Sai dai shawarar ta yi nauyi. A 2021 kotun dokokin teku ta yi aiki da ita a rikicin iyaka tsakanin Mauritius da Maldives, ƙungiyar gidajen waya ta duniya ta daina karɓar kan sarkin yankin. Landan ta ga inda aka dosa, gwamnatin masu ra'ayin riƙau ta buɗe tattaunawa a Nuwamban 2022, ta Leba ta kammala.

Abin da takardar ta ƙunsa

Ikon mallakar dukkan tsibiran zai koma Mauritius. Birtaniya za ta ci gaba da riƙe Diego Garcia na shekara 99, da damar ƙarin 40, sansanin na nan yadda yake. Za ta riƙa biyan kimanin fam miliyan 101 a shekara. Gwamnati ta ƙiyasta jimillar a fam biliyan 3.4 bayan ta rage darajar kuɗin da za a biya a shekaru masu nisa, 'yan adawa na cewa in aka tara abin da za a biya shekara bayan shekara ya haura biliyan 30. Ba wanda zai yi gini a cikin mil 24 na ruwa kewaye da tsibirin sai da yardar Birtaniya, sojojin wata ƙasa kuma ba za su sauka a sauran tsibiran ba. Wanda ya sa hannu a madadin Mauritius shi ne Navin Ramgoolam, ɗan wanda aka matsa wa a 1965.

Masu goyon baya na cewa an sayi kwanciyar hankalin sansanin kafin wata kotu ta yanke hukuncin da zai zama dole. Masu suka na tsoron Sin za ta samu kafa ta hanyar Mauritius, ko da yake Indiya ce babbar ƙawar Mauritius ta fuskar tsaro, kuma ta yi maraba da yarjejeniyar. Gwamnatin Amurka ta yaba a Mayun 2025, sai ga Donald Trump a Janairun 2026 ya kira ta babbar wauta. Sa hannu daban, fara aiki daban: sai majalisar Birtaniya ta yi doka, kuma da wuya a yi komai a kan Diego Garcia ba da yardar mai sansanin ba. Akwai kuma tambayar da ta shafi Afirka kai tsaye. Mauritius na cikin yarjejeniyar Pelindaba da ta haramta makaman nukiliya a nahiyar, Amurka kuwa ba ta faɗin abin da jiragenta ke ɗauke da shi.

Su kuma 'yan Chagos fa?

Yau sun kai kimanin 10,000 da 'ya'ya da jikoki, a Mauritius da Seychelles da garin Crawley na Ingila, inda da yawa suka koma bayan an ba su takardar zama 'yan Birtaniya a 2002. Kansu ba a haɗe yake ba, kuma ba abin mamaki ba ne bayan shekara 50 a warwatse. Ɓangaren Bancoult na ganin yarjejeniyar ƙofa ce da ta buɗe. Wasu ba su yarda da gwamnatin Mauritius ba, suna tuna wariyar da suka sha a can. Mata biyu haifaffun Diego Garcia, Bertrice Pompe da Bernadette Dugasse, sun samu umarnin kotu cikin dare wanda ya jinkirta sa hannun na 'yan sa'o'i. Abin da kusan dukkansu ke faɗa shi ne ba a zauna da su a teburin ba.

Takardar ta tanadi asusun fam miliyan 40 dominsu, ta kuma ce Mauritius na da damar mayar da mutane tsibiran in ban da Diego Garcia. Dama ce aka ba gwamnati, ba haƙƙi aka ba mutum ba, kuma tsibirin da aka cire shi ne mafi girma, mahaifar da yawansu. A ganina wannan ne babban raunin yarjejeniyar. Sansanonin Amurka da dama a duniya suna maƙwabtaka da farar hula, gabashin Diego Garcia kuma babu kowa a cikinsa sai kangon tsohuwar gona da jakunan da suka zama na daji. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta kira korar laifin cin zarafin bil'adama a 2023, ta nemi cikakkiyar diyya.

Komawa sauran tsibiran ma aiki ne ja. Babu tashar jirgi, babu asibiti, babu makaranta, kurmin kwakwa ya haɗiye ƙauyuka, ɓeraye sun cika wasu tsibiran. Zafin teku ya kashe murjani mai yawa a 1998 da kuma 2015 zuwa 2016, ƙasar da ba ta fi mita 2 ba kuwa kowane ɗan ƙarin ruwa barazana ne ga rijiyoyinta. Duk da haka binciken da gwamnatin Birtaniya ta sa kamfanin KPMG ya yi a 2015 ya nuna zaman zai yiwu idan an kashe kuɗi. A 2016 gwamnatin ta ce a'a.

A Fabrairun 2022 wani jirgin ruwa da Mauritius ta ɗauka haya ya kai 'yan Chagos biyar Peros Banhos, karo na farko ba tare da rakiyar jami'an Birtaniya ba. Olivier Bancoult da Liseby Elysé na ciki. Da suka sauka sun durƙusa sun sumbaci yashi, sannan suka shiga share cocin da rufinsa ya rufta da kaburburan da saiwoyi suka rufe. Mafi ƙanƙanta a cikin waɗanda aka haifa a tsibiran yanzu ya haura shekara 50.